Hawa Daga Kwance

Shekara talatin ina hawan dabino,
ban taɓa tambayar ƙuguna ko ya gaji ba.
Ran wata Laraba, bayan la'asar,
igiya ce ta fara gajiya.
Na faɗo kamar buhun riɗi
da 'yan dako suka jefo daga kan mota.

Ilu maɗori ya latsa, ya murza, ya girgiza kai:
"Babu karaya. Kwatangwalo ne ya yi fushi."
Hoton asibitin Dutse ma haka ya ce,
sai dai shi da kuɗi ya faɗa.

Wata huɗu ina lallashin ƙashi.
Man zafi, man shanu, tsumma da ruwan ɗumi,
sassaƙen da Tasallah ta dafa har tukunya ta yi baƙi.
Salla a zaune. Barci a gefe guda.
Daga ɗaki zuwa zaure
sai na huta a jikin rumbu, kamar mai zuwa Kiyawa a ƙafa.

Sai ga Hansai, 'yar ƙanwata,
wadda ke aikin gashin ƙashi a birni,
ta zo suna, ta tarar da ni ina rigima da takalmi.
Ta ce, "Kawu, gobe za mu fara Filatis."
Na ce, "Da miya ake ci, ko da yaji?"

Ba allura, ba ƙwaya, ba ko laya.
Tabarmar kaba, da tsohuwar robar tayar keke.
"Kwanta. Tanƙwara gwiwa. Shaƙi iska
har haƙarƙari ya buɗe.
Yanzu sake ta a hankali,
kamar mai hura kunu don yaro.
Ja cibiya ciki, kamar za ka ɗaure tazuge."

Ni da nake gaisawa da shirwa a sama,
ga ni a ƙasa kaji na leƙa fuskata.

"Ɗaga ƙugu, ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya,
yadda kake jan carbi. Wannan gada ce."
Gadata ta rushe a ƙirga na biyu.
"Juya gefe. Haɗa dugadugai, buɗe gwiwa
kamar mai ɗaga faifai ya ga abin da ke ƙwarya."
Na ɗaga, na ga zafi.
Ta ce, "In ya yi magana, saurara.
In ya yi ihu, tsaya.
Ba kokawa muke ba."

Ta koma bakin aiki, ta bar mini zane a bayan kwalin sukari,
'yan mutane masu ƙafar tsinke,
da jikana Tanimu a matsayin mai ƙirga.
Yaron ba ya cin hanci.
Takwas takwas ce, ko na ba shi dabino.

Akwai safiyar da na naɗe tabarmar da zagi.
Akwai makon da ciwon ya dawo da kayansa
don na yi gaggawa, na ɗauki kwandon taki.
Hansai ta kira a waya, ba ta yi faɗa ba.
"Koma kan numfashi, Kawu. Sauran za su jira."

Ban san ranar da ya fara sauka ba.
Ruwan fadama ma ba ya sallama in zai janye.
Na dai ga kaina a sahu, ran Juma'a,
na yi ruku'u, na taso,
ban dafa kafaɗar kowa ba.
Na manta in yi mamaki sai da aka sallame.

Bana ɗana Barau ne ya hau.
Na tsaya a gindi, hannu a kan kututture,
ƙafafu biyu sun raba nauyina daidai.
Ya leƙo ta cikin ganye: "Baba, baɗi fa?"
Na ce, "Duba igiyarka tukuna."

Gobe da hantsi, tabarma.
Tanimu ya ce an ƙara zuwa goma.